Sarkin Ruwa da Amanar Kogi

Jama'a, mu da ke zaune a Mile 2 Diobu fatauci ne ya kawo yawancinmu Fatakwal, 'ya'yanmu kuwa a nan aka yanke musu cibiya. Saboda haka ya dace mu tuna musu cewa tun kafin gwamnati ta naɗa ma'aikatan gandun daji, ƙasarmu tana da masu tsaron ruwa da dawa.

Mu ɗauki Argungu ta ƙasar Kabi. Kogin Matan Fada yana hannun Sarkin Ruwa, sarautar gado ce, daga kaka zuwa jika. Shi ke lura da tsabtar kogin, kuma akwai yankin da ake hana su a cikinsa duk shekara, sai ranar biki. Wannan hanin ne ke ba giwan ruwa damar girma, har ka ga wadda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga ta. Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Turawa ma daga baya suka gane hikimar. A Ostireliya, gwamnati ta mayar wa 'yan asalin ƙasa dutsen Uluru a 1985, sannan daga 2007 ta shiga biyan 'ya'yansu albashi don su tsare dazuzzukan kakanninsu. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

To, nan fa? A 1913 Turawa suka karɓi filin mutanen Diobu da Okrika suka kafa wannan gari. Mun kuma ga abin da malalar mai ta yi wa ƙasar Ogoni: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Mu baƙi ne, amma sharar da muke zubawa a kwata rafin Ntawogba take gangarawa. Wanda ba zai yarda a ɓata Matan Fada ba, don me zai ɓata ruwan mai masaukinsa? Malamanmu sun karantar da mu cewa ƙasa amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.