Ɗaura sabon bawul a kan inji: Yadda aikin yake da abin da ke ɓata shi

Bawul ƙarfe ne mai siffar ƙusa, mai faɗin kai da siririn jiki, wanda ke zaune a cikin kan inji, wato ɓangaren da kanikawa ke kira tof silinda. Kowace silinda tana da aƙalla guda biyu, ɗaya na shigar da iska da mai, ɗaya na fitar da hayaƙi zuwa salansa, kodayake yawancin motocin zamani huɗu-huɗu gare su. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane bawul zai buɗe ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda, kuma a kowace rufewa wajibi ne ya toshe ƙofarsa ruf.

A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, wannan aiki ba ya yanke wa garejoji. Motocin hayar da ke bi ta Bali da Serti su hau tsaunin Mambila zuwa Gembu suna daɗewa a ƙaramin giya da kaya niƙi-niƙi, inji na ta ɗaukar zafi. Ga Keke Napep da ke yini suna zirga-zirga a cikin gari, ga janaretoci, ga injinan ban ruwa na manoman rani a yankin Lau da ke bakin kogin Binuwai.

Bawul ɗin hayaƙi ne ya fi shan wuya, domin zafinsa kan haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan lagireto ba ya taɓa shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan zafi yana sauke shi ne ta mazauninsa, wato zoben ƙarfen da yake zama a kai idan ya rufe. Idan zaman bai daidaita ba, wuta za ta riƙa bi ta 'yar kafar da ta rage, ta ci gefen bawul ɗin har ya tsage. Shi ya sa sayen sabon bawul kaɗai ba ya maganin komai, sai an daidaita shi da mazauninsa.

Alamomin lalacewarsa sun haɗa da rawar inji a tsaye, da rashin ƙarfi a hawa, da harbi a salansa. Sai dai ringin fistan da ya cinye ma yana kawo irinsu. Hanyar bambancewa ita ce a auna matsin kowace silinda, sannan a zuba baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi a sake aunawa. Idan matsin ya ƙaru, ringi ne. Idan bai motsa ba, a tuhumi bawul ko gasket.

Bayan an sauke kan inji an wanke shi, abin da ake fara dubawa shi ne bututun da jikin bawul ke kai da komo a ciki. Idan ya buɗe har bawul na girgiza, kan bawul ɗin ba zai riƙa sauka wuri ɗaya ba, duk gugar da aka yi kuwa asara ce. Sai a sauya bututun tukuna. Daga nan a duba mazauni. Wanda ya yi ramuka masu zurfi ko ya ƙone, a kai shi wurin masu injin yanka su sake fitar da fuskarsa, galibi a kan kusurwar digiri 45.

Sai guga, wadda ita ce ke bukatar haƙuri. Ana shafa man guga mai ɓarɓashi a fuskar bawul, a saka shi a gurbinsa, a liƙa masa sanda mai roba a kai, a riƙa murza ta tsakanin tafukan hannu kamar mai burga miya da maburgi. Lokaci-lokaci a ɗaga shi, a ɗan juya, a mayar, don gugar ta zagaye ko'ina. Ana farawa da mai kaushi, a ƙare da mai laushi. Shaidar nasara ita ce a ga siririn zobe mai launin toka ya zagaye fuskar bawul da ta mazauni ba yankewa, faɗinsa tsakanin milimita 1 da 2. Wasu kanikawa kan ɗaura injin huda don sauri, amma juyawa gefe ɗaya yana zana layuka a fuskar ƙarfen, yawan guga kuma yana nutsar da bawul cikin mazauni. Akwai ma bawuloli masu rufi na musamman da kamfanoninsu suka hana a goge su.

Kowane bawul a bar shi a ramin da aka goge shi, kada a cakuɗa. A wanke man gugar tas, domin ɓarɓashinsa in ya shiga inji zai ci bututu da silinda. Bayan an sa sabbin robobin da ke hana baƙin mai zubowa, an mayar da sifirin da makullansa, sai a zuba kananzir ta ƙofar iska da ta hayaƙi a jira 'yan mintuna. Duk inda ya tsattsafo ta gefen bawul, aiki bai ƙare ba.

Wajen mayar da kan inji, ana sa sabon gasket, a ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. A injinan da ake saitawa da hannu, dole a sake auna tazarar da ke saman bawul, yawanci tsakanin milimita 0.1 da 0.3, bisa abin da kamfani ya ƙayyade. Tazarar da ta matse tana hana bawul rufewa idan ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, kuma ta ishi ƙona sabon bawul.

Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ke ƙarfafa mayar da motoci kan iskar gas ta CNG. Gas busasshen makamashi ne, yana sa mazaunin bawul ɗin hayaƙi saurin cinyewa a injin da ba don shi aka ƙera ba. Bawul yana nutsewa a hankali, tazararsa na raguwa ba tare da wata ƙara ba, don haka irin waɗannan motoci suna bukatar a riƙa auna tazarar a kai a kai fiye da masu shan fetur.