Yadda Ake Rage Hayaƙin Tsohuwar Mota Kafin Gwajin VIO

Yawan hayaƙi kan hana tsohuwar mota samun takardar shaidar lafiya daga jami'an VIO, a Herwagana ko sauran unguwannin Gombe. Tun 2011 hukumar NESREA ke da ƙa'idojin taƙaita hayaƙin motocin fetur da dizal.

Launin hayaƙin shi ke bayyana matsalar. Baƙi na nufin fetur ya rinjayi iska: a sauya matatar iska da fulogi, a daidaita kafireta. Shuɗi alama ce injin na ƙona baƙin mai, galibi ringi ya cinye. Fari mai kauri kuwa, ruwa ne ke shiga injin, sai bakanike ya duba gaskit.

Kada a cire “indomi” daga salansa, domin ita ke rage gubar hayaƙi, kuma sai ta ɗauki zafi take aiki. Don haka a bar injin ya ɗumama sosai kafin gwaji.