Tarihin Ƙidayar Taku: Daga Japan zuwa Wayoyin Matasa

Al'adar ƙidaya takun da mutum ya yi a rana, wadda a yau ta zama ruwan dare a tsakanin matasa masu manyan wayoyi, ta girmi wayoyin da shekaru masu yawa. Tun a 1953 likitan nan na Birtaniya, Jerry Morris, ya nuna cewa kwandastocin motocin haya masu hawa biyu na birnin Landan, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke wuni a zaune, sai dai bincikensa bai yanka wa kowa adadin tafiyar da zai yi ba. Adadin daga Japan ya fito a 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, lokacin da kamfanin Yamasa mai ƙera agogo ya fito da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ƙugu, ya raɗa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Ba gwajin asibiti ne ya haifi wannan lamba ba, dabarar talla ce mai sauƙin riƙewa, amma ta bazu har ta zama tamkar hukuncin likitoci.

Tsawon shekaru wannan ma'auni ya kasance abin da mutum kan duba shi kaɗai, kuma kamar yawancin abubuwan da ake yi babu mai gani, saurin gundurar mai shi yake yi. Sauyin ya zo ne da aka haɗa shi da intanet. A 2006 kamfanonin Nike da Apple suka fito da na'urar da ake sakawa a cikin takalmi tana aika bayanin gudu zuwa iPod, a 2007 kuma James Park da Eric Friedman suka kafa kamfanin Fitbit a San Francisco. Daga baya wayoyi da kansu suka ɗauki aikin, saboda a cikinsu akwai 'yar na'ura mai jin motsi wadda ke gane girgizar kowane taku, ta yadda a 2014 Apple da Google duk suka fitar da manhajojinsu na lafiya.

Wadda ta fi bayyana sirrin abin da ke riƙe matasa ita ce Strava, manhajar da Mark Gainey da Michael Horvath suka kafa a 2009, bayan sun yi tseren kwalekwale tare a Jami'ar Harvard. Manhajar takan yanka hanya yanki-yanki, ta jera sunayen waɗanda suka bi kowane yanki bisa saurinsu, ta kuma bai wa abokai damar jinjina wa juna. A nan ne motsa jiki ya samu shaidu. Matashin da batun hawan jini bayan shekara arba'in bai dame shi ba, yakan damu ƙwarai idan abokinsa ya sha gabansa jiya. Wasu manhajojin suka ƙara da lissafin ranakun da mutum ya jera bai yi fashi ba, lissafin da kan koma sifili idan an tsallake rana guda, har ya zama tsoron asarar abin da aka tara shi ke fitar da mutum da asuba.

Kimiyya ta biyo baya a makare. Binciken da I-Min Lee ta Harvard ta jagoranta a 2019 kan tsofaffin mata a Amurka ya gano cewa haɗarin mutuwa yana raguwa tun daga taku kusan 4,400 a rana, kuma ribar takan daidaita a wajen 7,500. Duk da haka Fitbit ya daɗe yana sanya 10,000 a matsayin burin farko ga sabon mai amfani, kuma a 2021 Google ya kammala sayen kamfanin kan dala biliyan 2.1.