Asalin Kuɗin Leda

Tun da aka fara buga kuɗi a takarda ake fama da ita a kan abu biyu, watau saurin lalacewa da sharrin masu jabu. Ko da yake da auduga ake yinta, ba irin takardar rubutu ba ce, duk da haka gumi da ruwa da manja ba su bar ta ba. Wanda ya taɓa zama ƙirgar kuɗin haraji ya san yadda takarda kan dawo daga ƙauye, ta yi baƙi ƙirin, an liƙe ta biyu ko uku.

Amma ba tsufan takarda ya haifi kuɗin leda ba, ɓarayi ne. A cikin 1966 ƙasar Ostareliya ta bar fam da sule ta koma dala, ta buga sababbin takardu waɗanda ake ganin sun fi ƙarfin kwaikwayo. Shekara ba ta kewayo ba sai ga jabun dala goma sun bazu cikin gari. Abin ya ba hukuma kunya ƙwarai. Sai Gwamnan Babban Banki, Dokta Coombs, ya tara masana a 1968, ya ce su nemo dabara. Cikin waɗanda suka ɗauki aikin akwai David Solomon, masanin haɗa magunguna. Suka lura mai jabu da hoto yake aiki, hoto kuwa ba ya iya ɗaukar abin da ido ke ratsawa. Don haka suka yi kuɗin da leda, suka shafe ta da farin fenti, suka bar 'yar taga garau a gefe. Aikin ya ci shekara 20, sai a 1988 aka fitar da dala goma ta farko. Kafin ƙarshen 1996 duk takardun ƙasar sun zama na leda.

Daga nan wasu suka bi. Kanada ta fara a 2011, Ingila kuwa sai 2016, da fam biyar mai hoton Churchill. Can ma an yi 'yar rigima da aka ji akwai ɗan kitsen dabba a cikinta, 'yan Hindu da waɗanda ba su cin nama suka kai kuka, amma banki bai sake ta ba. Nijeriya ta riga su duka biyu: naira 20 mai hoton Murtala ta fito a 2007, sa'an nan 5 da 10 da 50 suka biyo a 2009.

To, wacce ta fi? Wajen ƙarko babu gardama. Bankin Ingila ya ce tasu takan yi ninki biyu da rabi na kwanakin takarda, kuma ko an wanke ta cikin aljihun riga sai ta fito lafiya. Amma tana da nata aibi. Ba ta son ninkewa, balle a ƙulle ta a bakin zane, in ta ji zafin dutsen guga sai ta ƙanƙance, in kuwa ta tsage kaɗan sai tsagar ta zarce. A ƙasarmu mai zafi fentin kan koɗe tun ledar na da sauran ƙarfi, har mai tebur ya dinga juya ta yana neman adadi. A ganina ta dace da ƙananan kuɗi masu yawo hannu da hannu, haka kuwa aka yi a nan, domin daga naira 100 zuwa sama aka bar su a takarda.