Yadda ƙungiyar AQHA ke karrama masu kiwon dawaki a Amurka

An kafa ƙungiyar AQHA a shekarar 1940 a birnin Fort Worth na jihar Texas, domin adana asalin dokin Quarter Horse, wanda ya samo sunansa daga zafin gudunsa a tseren rubu'in mil. Hedikwatarta tana Amarillo.

Ƙungiyar tana karrama masu kiwon da suka shekara 50 suna yi wa 'ya'yan dawakinsu rajista. Tun 1992 kuma take ba da kyautar Best Remuda ga gidan gonar da ya yi fice wajen kiwon dawakin aiki.

A filin gasa, dokokinta sun hana azabtar da doki ko ba shi haramtattun magunguna. Wanda ya saɓa yakan fuskanci tara ko dakatarwa.