Annobar 1347 da Littattafan da Ta Haifar

Yawancinmu mun san Ibn Hajar ta hanyar Bulugul Maram da Fathul Bari, amma kaɗan ne suka san cewa annoba ta cinye masa 'ya'ya mata uku, har ya rubuta littafi sukutum a kanta.

Cutar, wadda Larabawa ke kira ɗa'un, ƙuman ɓeraye ne ke yaɗa ta. Kaluluwa ke fito wa mutum a hammata ko matsematsi, kwana kaɗan sai gawa. A 1347 jiragen fatake suka kwaso ta daga gaɓar Bahar Aswad zuwa Iskandariyya da tsibirin Sisili. Cikin 'yan shekaru ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai.

Turawa sun fi ambaton Bokachiyo na Italiya. A littafinsa Dekameron, matasa goma suka tsere daga birnin Fulorens a 1348, suka yi ta ba juna labari har guda ɗari, wasu ma ba sa karantuwa a gaban surukai.

Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɓangaren malaman Musulunci. Ibnul Wardi na Halab ya rubuta risala yana bin annobar gari-gari, a 1349 ta iso kansa. Ibn Khaldun yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai ta ɗauke iyayensa da malamansa a Tunis, kuma a Muƙaddima ya lissafa ta cikin abubuwan da suka karya dauloli, har ya ga dole a sake rubuta tarihi.

Sai gardama ta tashi: shin ana ɗaukar cutar daga wani? Ibnul Khaɗib na Garnaɗa ya ce ƙwarai, domin an ga tufafi da kwanukan mara lafiya suna kai ta gida-gida. Ibn Hajar, da annobar ta sake dawowa Alƙahira a zamaninsa, bai yarda da haka ba. A Bazlul Ma'un ya tattara hadisan da ke cewa wanda ta kashe ya yi shahada. Duk da haka bai goyi bayan fita taron addu'a dominta ba, ya kuma rubuta cewa da jama'a suka taru a bayan gari a 1430, mace-macen ƙaruwa suka yi.