Linux ga sabon shiga: Yadda ake kula da kwamfuta da gano matsalarta

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10. Tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin waɗanda ake saye na hannu a kasuwanninmu, ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, duk da cewa lafiyarsu ƙalau. Ga mai irin wannan kwamfuta, ɗaya daga cikin mafita ita ce Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta, wadda kuma akwai nau'o'inta marasa nauyi da tsohuwar na'ura ke iya ɗauka.

Ɗora Linux ba shi da wuya. Wahalar tana zuwa ne ranar da kwamfutar ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta, alhali lissafin bashin abokan ciniki ko rahoton da shugaban ofis ke jira yana cikinta. A irin wannan rana, shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a goge komai a sake ɗorawa, kuma ta nan ake asarar aikin shekaru. Sau da yawa ba sai an kai ga haka ba, domin Linux tana rubuta kusan duk abin da ya same ta, kuma wanda ya san inda take rubutawa yakan gano ciwon kafin ya taɓa komai.

Asalinta da nau'o'inta

Linus Torvalds, wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, shi ne ya fara rubuta Linux a shekarar 1991. Abin da ya rubuta shi ne zuciyar tsarin, wato sashen da ke sasanta tsakanin manhajoji da kayan ƙarfen kwamfuta. An haɗa wannan zuciya da kayan aikin shirin GNU, wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983, sai aka sami cikakkiyar babbar manhaja da kowa ke da damar amfani da ita, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. Yau wayoyin Android a kan zuciyar Linux suke aiki, haka ma kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya tun daga 2017.

Nau'o'in Linux suna da yawa. Debian ta fito a 1993. Daga cikinta aka fitar da Ubuntu a 2004, ƙarƙashin jagorancin Mark Shuttleworth, ɗan ƙasar Afirka ta Kudu, sannan daga Ubuntu aka fitar da Linux Mint. Umarnin da ke cikin wannan bayani na Ubuntu da Mint ne. Ga shago ko ofis, a zaɓi fitowar da ke ɗauke da haruffan LTS, kamar Ubuntu 24.04. Irin wannan tana fitowa ne a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kuma ana ba ta gyaran tsaro kyauta na shekara biyar.

Tsarin gidan

Wanda ya saba da Windows zai nemi C: da D: ya rasa. A Linux komai yana ƙarƙashin tushe ɗaya ne da ake nunawa da alamar /. Wurare huɗu sun isa mai farawa ya riƙe. Fayilolin kowane mai amfani da kwamfutar suna cikin /home. Saitin tsarin yana cikin /etc. Rajistar abubuwan da suka faru tana cikin /var/log. Faifan ajiya da sauran na'urori kuwa suna bayyana a /dev, inda faifan farko kan ɗauki suna kamar sda ko nvme0n1, ɓangarorinsa kuma sda1, sda2 da sauransu.

Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Fayil mai suna Bashi.ods daban yake da bashi.ods, kuma wannan kaɗai yakan sa sabon shiga ya zaci fayil ɗinsa ya ɓace.

Tagar umarni

Yawancin ayyukan yau da kullum ana yin su da linzami kamar a Windows, amma gano matsala ya fi sauƙi a tagar umarni, wadda ake kira Terminal. Ana buɗe ta da danna Ctrl da Alt da T a tare. Umarnin pwd yana nuna foldar da kake ciki, ls yana lissafo abin da ke cikinta, cd kuma yana kai ka wata folda. In ka rubuta man sannan sunan wani umarni, kamar man ls, za a buɗe maka bayaninsa, kuma harafin q ne ke fitar da kai. In wani umarni ya ƙi ƙarewa, Ctrl da C suna tsayar da shi.

Umarnin rm yana share fayil ba tare da ajiye shi a kwandon shara ba. Abin da ya share ya tafi ke nan, don haka a karanta layin sau biyu kafin a danna Enter, musamman idan akwai -r ko -f a ciki.

Iko da izini

A kowace kwamfuta mai Linux akwai babban mai iko guda ɗaya da ake kira root, wanda babu abin da ya fi ƙarfinsa. Ubuntu da Mint ba sa barin mutum ya yi aikinsa na yau da kullum da wannan iko. In ana buƙatarsa, ana sa kalmar sudo a gaban umarni, sai a tambayi kalmar sirri. A wasu nau'o'in, kamar Ubuntu 24.04, yayin rubuta ta babu abin da zai bayyana a fuskar kwamfuta, ko da ɗigo ɗaya. Haka aka tsara shi, ba lalacewar madannai ba ce.

Kowane fayil yana da mai shi, yana da rukuni, sannan akwai sauran jama'a. Kowane ɗaya daga cikin ukun ana iya ba shi izinin karantawa, rubutawa, ko kunnawa, kuma umarnin ls -l yana nuna su da haruffan r da w da x. A lissafi, karantawa 4 ce, rubutawa 2, kunnawa 1. Saboda haka chmod 644 na nufin mai fayil ya karanta ya kuma rubuta, saura su karanta kawai. Saƙon "Permission denied" yana nufin ba ka da izinin abin da ka nema. Wasu kan yi gaggawar sa 777 don su huta, amma wannan daidai yake da cire ƙofar shago saboda makulli ya ɓata. Abin da ya dace shi ne a duba waye mai fayil ɗin, in da kuskure a gyara da chown.

In yaron shago ko abokin aiki zai riƙa amfani da kwamfutar, a buɗe masa nasa asusun da sudo adduser sannan sunansa. Asusun da aka buɗe ta wannan hanya ba shi da ikon sudo, don haka mai shi ba zai iya taɓa saitin tsarin ba.

Sabuntawa

Manhajojin Ubuntu da Mint suna fitowa ne daga rumbunan da masu kula da tsarin suka tantance. Umarnin sudo apt update yana ɗauko jerin abubuwan da suka sauya, sudo apt upgrade kuma shi ke sauko da su ya girka. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Kafin ya fara saukarwa yakan faɗi girman abin da zai sauko, don haka mai sayen data yana iya ƙin amincewa ya bari sai ya sami intanet mai rahusa. Kada a fara sabuntawa sai batir a cike yake ko akwai tabbacin wuta.

Matakan gano matsala

Kafin a rubuta kowane umarni na gyara, a yi tambaya uku. Me saƙon kuskuren ya ce, kalma da kalma? Yaushe matsalar ta fara? Me aka sauya kafin ta fara? A ɗauki hoton saƙon da waya. Daga nan a duba rajista da wannan umarni:

journalctl -p err -b

Zai nuna kurakuran da aka rubuta tun daga lokacin da aka kunna kwamfutar. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce gaba. Kafin a gyara kowane fayil na /etc, a yi masa kwafi, misali sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho, domin a sami wurin komawa.

Idan ta ƙi tashi bayan ɗauke wuta

Wannan ita ce matsalar da ta fi kusa da mu. Wuta na iya yankewa daidai lokacin da kwamfuta ke rubutu a faifai. Tsarin ajiya na ext4, wanda Ubuntu da Mint ke amfani da shi, yakan gyara kansa a kunnawa ta gaba. Wani lokaci kuwa sai ya tsaya a baƙin allo da kalmar initramfs, tare da saƙon da ke cewa a gudanar da fsck da hannu. Saƙon yakan ambaci ɓangaren da ya sami matsala. In ya ce /dev/sda2, sai a rubuta:

fsck -y /dev/sda2

In ya gama, a rubuta exit. A yi amfani da sunan da saƙon ya bayar, kada a kwafi na wannan misali. Kada kuma a gudanar da fsck a kan faifan da tsarin ke aiki a kansa, domin hakan na iya ƙara lalata shi. In matsalar tana yawan dawowa ko da ba a ɗauke wuta ba, a buɗe manhajar Disks a duba lafiyar faifan, wataƙila ya fara mutuwa.

In sabon sabuntawa ne ya hana ta tashi, a danna Shift ko Esc yayin kunnawa don buɗe jerin zaɓi na GRUB, a shiga Advanced options, a zaɓi tsohuwar zuciyar tsarin da ta yi aiki a baya.

Idan faifai ya cika

Alamarsa ita ce saƙon "No space left on device", ko kuma mutum ya sa kalmar sirri daidai amma kwamfutar ta sake dawo da shi wurin shiga. In haka ta faru, Ctrl da Alt da F3 suna buɗe allon rubutu zalla inda za a iya shiga. Umarnin df -h zai nuna ko faifan ya kai kashi 100. Umarnin du -sh ~/* kuma zai nuna foldar da ta fi cin wuri. Ana samun sarari da sudo apt clean, da sudo apt autoremove, da kuma sudo journalctl --vacuum-size=200M, wanda ke rage tsohuwar rajista.

Idan intanet ya ƙi

A bi shi daki-daki. Umarnin ip a yana nuna ko kwamfutar ta sami adireshi daga na'urar Wi-Fi. In ta samu, a gwada ping -c 4 8.8.8.8. In wannan ya amsa amma ping -c 4 google.com ya ƙi, to hanya a buɗe take, fassara sunaye zuwa lambobi ce ta tsaya, kuma sudo systemctl restart NetworkManager yakan warware ta. In Wi-Fi bai bayyana ba gaba ɗaya, rfkill list zai nuna ko an kashe shi ne. In kuwa direban na'urar ne babu, a haɗa waya da kebul a ari intanet ɗinta, sannan a buɗe Additional Drivers a Ubuntu ko Driver Manager a Mint.

Idan sabuntawa ya katse

In wuta ko intanet ya yanke ana tsakiyar sabuntawa, a rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install. Saƙon "Could not get lock" kuwa yana nufin wani sabuntawar yana gudana a bayan fage. A jira 'yan mintoci, kada a share komai.

Idan ta yi nauyi

Umarnin top yana jera manhajojin da ke aiki, wadda ta fi cin ƙarfi a sama, kowace da lambarta a layin PID. Umarnin free -h yana nuna abin da ya rage na RAM. Manhajar da ta daskare ana rufe ta da kill sannan lambarta. In RAM ɗin ne ya yi kaɗan, nau'i mara nauyi kamar Lubuntu ko Linux Mint Xfce zai fi dacewa da na'urar.

Ajiyar kwafi

Duk waɗannan gyare-gyare ba sa dawo da fayil daga faifan da ya mutu. A riƙa kwafe foldar /home zuwa faifan waje a kalla sau ɗaya a mako, a kuma ajiye faifan a wani wuri daban da kwamfutar, saboda gobara ko ɓarawo ba sa zaɓe. Lokaci zuwa lokaci a buɗe kwafin a tabbatar fayilolin suna buɗewa. Masu Mint su lura cewa Timeshift tsarin kwamfuta yake adanawa, ba ya haɗawa da takardun mutum sai an umarce shi. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi izinin sashen kwamfuta na ofishinsa kafin ya ɗora Linux ko ya fita da kwafin takardun aiki.

A adana filashin da aka ɗora Linux da shi. Ko da kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ana iya kunna ta daga filashin, a zaɓi gwadawa ba girkawa ba, a buɗe faifan a kwashe fayiloli, muddin faifan kansa yana da rai.

In aka kai ga neman taimako, a faɗi nau'in Linux da lambar fitowarta, wadda lsb_release -a ke nunawa, da saƙon kuskuren yadda yake, da abin da aka riga aka gwada. Matambayi ba ya ɓata, amma duk umarnin da wani ya ba ka, musamman mai farawa da sudo, ka duba ma'anarsa da man kafin ka danna Enter.